Magatakardan Tumaki

Kai mai sayen tsohuwar fata, ajiye ma'auninka tukuna.
Kafin ka kankare, ka san abin da kake kankarewa.

Ubana Wymond ne, ɗan Hamo majemi,
magatakardan tumakin 'yan zuhudu a tuddan Lindsey.
Da rana dukiyar wasu yake ƙirgawa,
tunkiya dubu da ɗari uku, rago saba'in,
buhunan ulu da za a sauke a tashar Boston,
duk da Latinanci, yaren da littafin kuɗi ke ji.
Da dare, in kyandir ɗin kitse ya yarda,
sai ya fiƙe gashin dinya
ya rubuta harshen da uwata ke korar kaji da shi.

An sha masa dariya.
Masu ƙasa da Faransanci suke yanka nama,
limamai da Latinanci suke kai wa Allah kuka.
Shi kuwa ya ce namu ma baki ne,
kuma da shi ake faɗin yunwa.

Uku ya yi a duniya.
Ta fari a kan wata Sabina ce, mai jan gashi,
tun kafin ya san uwata.
Aldith ta tsince ta a ƙarƙashin buhun sha'ir,
ta cusa a tanderu.
Burodin ranar, in ji ta, bai taɓa tashi haka ba.

Ta biyu gardama ce, tunkiya da almakashi:
"Ni ke kwana a raɓa, wa ke kwana a rigata?"
Makiyaya suka ɗauka, ta bi kasuwa, ta shiga mashaya,
har ta haura katangar 'yan zuhudu.
Babbansu ya ji, ya yi murmushi,
ya zabge wa ubana albashin wata huɗu.
Dafaffen wake muka ci har ƙanƙara ta narke.

Kada ka ɗauka waliyyi nake ba ka labari.
Ya sha giya fiye da ƙarfin aljihunsa,
ya ci bashin maƙeri, ya mutu bai biya ba,
kuma rabin fatun nan
gefen littafin iyayen gidansa ne ya yanko.

Ta uku, shekarar annoba.
Ƙararrawar coci ta yi ta bugawa har mai bugun ya faɗi.
Tumaki suka bazu cikin alkama, ba mai tsawa.
Ubana ya ƙirga mutane yadda ya saba ƙirga garke,
ɗari da goma sha biyu, kowa da baitinsa:
wance mai murza zare, wane mai tari da asuba.
Na tamanin da ɗaya Adkin ne, yayana.
Na tamanin da biyu Joce, bai ko yi haƙori ba.
A nan ba baiti. Suna kawai.

Da idonsa ya dushe, ni Idony na zama hannunsa.
Yana faɗa ina rubutawa,
yana faɗa da ni in na gyara masa kalma.
Daren da ya cika, tawada ta daskare a ƙaho,
muna tsakiyar layi. Ga shi nan, dubi inda ya tsaya.

Makon jiya, a hanyar rijiya,
na ji wani yaro bayan garkensa
yana cewa, wa ke kwana a rigata.
Ya karya layin a wuri biyu.
Na ce, na wa ne wannan?
Ya ce, Iya, ai ba na kowa ba ne.
Na so in gyara masa, sai na ɗauki gugata.

To, auna. Itace ya yi tsada bana,
gwiwoyina kuma ba sa jin waƙa.
Kankare, a rubuta bashin wani a kai,
dama can fatar ta saba.
Amma wancan falle mai tabon kitse a kusurwa,
ɗauke hannunka.
Yara biyu na barci a ciki.